Inda Doki Zai Taka: Yini da Kwana a Makera

Gari bai gama wayewa ba na ji ƙarar kofato a kan kwalta a bayan masaukina, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ɗaga labule. Wani yaro ne da ba zai wuce shekara 15 ba, yana janye da wani kili da ragama, yana bin gefen titi, yana kauce wa kwata da fasassun kwalabe. Can sai ga tirela ta taso daga wajen Kakuri tana huci. Yaron ya ja ya tsaya, ya juya wa titi baya, ya sa kafaɗarsa a ƙirjin dokin, yana shafa masa wuya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa har motar ta wuce. Sannan suka ci gaba. A lokacin ban san shi ba, amma kafin rana ta faɗi ni da shi mun riƙe bakin buhu ɗaya ana ɗura mana yashi.

Wani abokina ne ya ja ni zuwa Makera. Ya ce akwai wasu masu dawaki a nan kudancin Kaduna da kan yi gayya idan damina ta ɗauke, su share turbar da suke bi da dabbobinsu zuwa bakin kogi, in sun gama kuma su kwana a can. Ba su da ofis, ba su da allo, ko suna ba su raɗa wa kansu ba. A cikinsu akwai mai shagon kayan gini, akwai direba, akwai tela, akwai tsohon ma'aikacin masaƙa da kowa ke kira Baba, sai tarin yaran barga waɗanda su ne ƙashin bayan aikin. Abin da ya haɗa su doki ne kawai.

Wanda bai san Makera ba, nan ce hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu. In ka baro filin wasa na Ahmadu Bello ka haye gada, ka wuce tashar jirgin ƙasa ka miƙe titin Kachia, ka shigo yankin. Ita da Kakuri sun cakuɗe har baƙo ba ya iya cewa ga inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Duk Bahaushen da ya ji sunan, zuga-zugi da uwar maƙera ne za su faɗo masa a rai, kuma lallai unguwar ta yi zamanin ƙarfe da hayaƙi. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a wannan yanki a zamanin Sardauna. UNTL ta biyo baya a 1964, shekarar da aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON. Ga Arewa Textiles, ga Nortex, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya soma aiki a 1975. Dattawan unguwar suna ba da labarin yadda titi kan cika maƙil da kekuna idan jiniya ta busa aka tashi daga aiki, har mai mota sai ya jira. KTL ta rufe a 2002, wasu suka bi sahunta. Yau dogayen katangun suna nan, ciyawa ta yi musu zobe, kuma a gindinsu na ga yaran barga da lauje suna yankar abin da za su kai wa dawaki.

Bargar da muka taru a cikinta bayan wani gida take, rumfar kwano ce da turaku shida. Warin kashin doki da ƙanshin harawa sun gauraye. Akwai kilin nan na asuba, akwai akawal guda mai tsayi da aka ce daga kasuwar Maigatari aka sayo shi, da danda, da wata goɗiya gunya mai sanyin hali wadda aka ce ita zan hau. Sauran dawakin daga wasu gidaje aka kawo su. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne kayan da aka jibge a bakin ƙofa. Babu jalala, babu alkyabba, babu ko ɗaya daga cikin kayan adon da muka saba gani ranar hawa. Adduna ne da lauje da gatari biyu, da diga da shebur, da baro, da tulin tsofaffin buhunan siminti, da jarkoki cike da ruwa, da tampol a naɗe.

Kaduna ba baƙuwar doki ba ce. A filin da yanzu ake kira Dandalin Murtala, wanda da can filin sukuwa ne, sarakunan Arewa suka yi wa Sarauniya Elizabeth gagarumin hawa a 1956. An sake yin wani a 1959 don bikin samun mulkin kai na Jihar Arewa, sannan aka yi na bikin FESTAC a 1977, wanda saboda shi aka gina Otal ɗin Durbar. Kulob ɗin ƙwallon dawaki na Kaduna yana nan tun 1918, kuma tun 1919 ake fafatawa a kan Kofin Georgian, wanda duk ɗan wasan ƙasar nan ke mafarkin ɗagawa. Gidan Sarkin Katsina Dikko ya riƙe wasan da hannu biyu: Sarki Usman Nagogo gwani ne da aka san shi har ƙasashen waje, ɗansa Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi gwamnan soja na Arewa a nan Kaduna, shi ma a kan doki ya tashi. Ga kuma kulob ɗin Fifth Chukker can Kangimi, ta wajen Mararrabar Jos, inda ake shigo da dawaki daga Ajantina, ciyawar filin kamar darduma.

Duk waɗannan a tsallaken kogi suke, ko a bayan gari, kuma duk suna da shinge da mai gadi. Dokin talaka, wanda ake haya ranar hawan angwanci, wanda ake lodawa a mota a kai Zariya idan sallah ta zo don ya bi tawagar hakimi, shi yana nan cikin lungu a ɗaure. Ranar ado kowa na son sa, ana ɗaukar hoto ana guɗa. Amma shekara kwana 365 ce, ranakun ado kuwa ba su taka kara sun karya ba. A sauran kwanakin ina zai taka? Wannan tambayar ce ta dame ni tun da na ga yaron nan da tirela.

Doki ba babur ba ne da za a jingine shi sai ranar buƙata. In ya daɗe a turke ƙafafunsa kan kumbura, cikinsa ya riƙa ɗaurewa, halinsa ya ɓaci, ya koma cizo da harbi. Kwalta kuma ba ta yi da shi. Yawancin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, kwalta tana cin kofato, tana da santsi, ga zafi da rana, ga 'yan acaɓa da masu Keke Napep da ba su san cewa hon ɗaya a bayan doki na iya jawo asarar rai ba. Saboda haka turbar ƙasa mai laushi, wadda za a yi tafiya a yi sassarfa a ɗan saki linzami, ita ce lafiyarsa.

Wajen ƙarfe takwas muka tashi. Baro da jarkoki suka bi a cikin wata tsohuwar a-kori-kura, mu kuma muka bi lunguna a jere, ɗaya bayan ɗaya, yara na bin mu da ihu. Muka tsallaka layin dogo, muka bi ta bayan katangun masaƙu, muka gangara ta wajen Nasarawa. A hanya akwai wata magudana da ruwanta ya yi baƙi ƙirin, yana kumfa yana wari. Goɗiyar da nake kai ta sunkuya ta shinshina, ta yi firji, ta ɗauke kai. Nan na gane dalilin jarkokin. Doki ɗaya kan sha lita 30 ko fiye a yini idan ana zafi, kuma ba kowane ruwa yake yarda da shi ba. Wannan magudanar kuwa kogin Kaduna ta nufa, inda ake kamun kifi ake ban ruwan lambu.

Inda gidaje suka ƙare, nan aiki ya fara. Damina ta rufe turbar ruf. Gamba ta fi mutum tsayi, ƙarangiya ta kama ko'ina, ƙaidaji ya miƙo rassansa masu ƙaya daga bakin rafi ya sarƙe hanya. Aka ɗaure dawaki a inuwar wani mangwaro, aka sassauta musu majayi, aka bar yara biyu suna tsaronsu. Baba ya raba aiki ba tare da ɗaga murya ba: masu adda a gaba, masu lauje a bayansu, sai masu kwashewa, sai kuma 'yan ƙananan da aka ba kowa buhu aka ce su tsince duk abin da ba ƙasa ba.

Ni da nake ganin share hanya sara ne kawai, a ranar na koyi cewa sana'a ce mai ƙa'ida. Na sare wani ɗan itace da adda, sara ɗaya a karkace, na wuce ina jin na yi aiki. Baba ya kira ni.

"Malam, dawo ka ga."

Ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kan kututturen da na bari, mai tsini kamar mashi, tsawon ɗan yatsa. Ya ce in ciyawa ta sake tsirowa ba mai ganin sa, doki zai zo a guje ya ɗora ƙafa, tsinin ya shige tsakiyar kofato inda yake da taushi, shi ke nan an yi wata ana jinya, wani ma ba ya komawa daidai. Ya karɓi gatari ya sare shi daidai da ƙasa, ya bubbuga kan da bayan gatarin har ya dakushe, ya tura ƙasa ya rufe. Daga nan kowane kututture na sara sai na shafa shi da hannu kafin in wuce.

Haka kuma rassa. Mai tafiya a ƙasa yana sare abin da ya tokare masa fuska ne, ya manta cewa kan mahayi yana can sama, kusan mita uku daga ƙasa. Don haka sai aka sa wani saurayi ya hau akawal, ya riƙe sanda a tsaye, ya bi turbar a hankali. Duk reshen da sandar ta taɓa, a sare shi daga gindinsa. Faɗin hanya kuma sai da aka tabbatar doki biyu za su iya giftawa ba tare da likkafa ta haɗu da likkafa ba.

'Yan tsince-tsince su suka fi ba ni tausayi, su kuma suka fi kowa amfani. Abin da suka tara kafin azahar ya cika buhu huɗu: ƙusoshi, guntayen waya, gwangwanaye, fasassun kwalabe, da leda, leda, leda. Baba ya ɗaga wata baƙar leda da ragowar abinci a ciki ya nuna wa yaran. Doki ba ya amai, in ya haɗiye abu sai dai ya bi ta baya, in kuwa ya toshe hanji, sai ka ga dabba tana birgima tana zufa tana duban cikinta, mai ita yana tsaye ba abin da zai iya. Daga yadda yaran suka yi tsit na san wasunsu sun taɓa gani.

Aikin da ya ci mana rana shi ne wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa a tsakiyar turbar, inda take gangarawa rafi. Zurfinsa ya kai gwiwa. Samari suka so a cika shi da ƙasa a wuce. Direban nan, wanda ya san halin hanyoyi, ya ce in aka yi haka ruwan farko na baɗi zai kwashe. Sai aka hau sama inda ruwan yake tarowa, aka haƙa 'yar magudana a karkace da diga don ta karkatar da shi cikin ciyawa tun kafin ya yi ƙarfi. Sannan aka jera duwatsu a ƙasan ramin, aka ɗora buhunan yashi kamar matakala, aka zuba marmara aka daddaka. A nan ne na riƙe buhu da yaron asuba. Hannuwansa duk kanta. Na tambaye shi ko dokin nasa ne, ya yi murmushi ya ce na Alhajinsu ne, amma shi dokin ya sani.

Ba zan ɓoye laifin mahaya ba, don na gani da idona. Da muka kusa lambunan bakin kogi, wani dattijo mai noman rani ya taso da fartanya a kafaɗa, fuskarsa ba annuri. Bara, in ji shi, wasu samari sun zo sukuwa suka bi ta cikin fangalin alayyafonsa, ko waiwaye ba su yi ba. Baba bai yi musu ba, bai ce ba yaransa ba ne. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Yaya, an yi maka laifi, ka yi haƙuri. Nuna mana iyakarka." Suka bi gefen lambun tare, inda duk manomin ya nuna aka kafa turke aka ɗaura tsumma. Turbar ta ɗan karkace ta yi nisa, amma kafin mu bar wurin mutumin ya aiko jikansa da rake. Irin wancan gangancin na samari shi ya sa a Kano aka sha hana kilisa a cikin unguwanni, kuma wanda aka taɓa take wa yaro ko shuka ba za ka ga laifinsa ba in ya goyi bayan hanin. Sai dai hani kaɗai ba ya rage yawan dawakin da ke cikin gari. Yana mayar da su turke ne kawai.

La'asar sakaliya muka isa inda za a kwana, wani tudu mai 'yan itatuwa da ke kallon kogi, gidajen mutane na bayanmu ba nisa. Wannan ba daji ba ne, kuma da gangan aka yi haka. Kowa a Kaduna ya san abin da dazuzzukan Chikun da hanyar Birnin Gwari suka zama, kuma ba wanda ya manta harin jirgin ƙasa na watan Maris ɗin 2022. Tun kwana uku kafin nan an je an gai da mai unguwa an nemi izini, an kuma sanar da 'yan sintiri. Baba ya ce a ƙuruciyarsa sukan yi nisan da sai dai su hango hasken gari, yanzu kuwa iyakarsu inda za a ji kiran salla.

Ba wanda ya zauna sai da aka gama da dawaki. Aka sauke sirdi, aka goge musu zufa, aka bari jikinsu ya huce kafin a ba su ruwa, sannan harawa, sannan dusa da ɗan jiƙon kanwa. Aka ɗaga ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya ana sakace tsakuwa daga kofato. Aka kafa turaku nesa da juna, goɗiya a can gefe, don kada ingarmu su kwana suna faɗa. Aka hura wuta ta inda iska ke busowa aka zuba ɗanyen ganye, hayaƙi ya lulluɓe su saboda sauro da ƙudaje. Bakin kogi a ƙasar nan ba wurin wasa ba ne ga dabba. Ƙudan tsando da ke kawo sammore ya daɗe yana hana doki zama a kudancin Zazzau, kuma ba banza ba aka kafa cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna tun 1947.

Da magariba ta yi aka shimfiɗa tampol aka ta da salla. Saurayi ɗaya bai shiga sahu ba. Kirista ne daga Unguwar Television, shi ne ya hau akawal da sanda ɗazu. Ya ɗauki tocila ya koma wajen dawaki yana zagayawa har aka sallame. An ce ranar Lahadi da safe in ya tafi coci, su suke ba nasa dokin ruwa. A garin da rikicin addini na 2000 da na 2002 suka sa mutane suka kwashe kayansu, waɗannan suka haye kogi ta nan, waɗancan ta can, ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Aka ci dafa-duka da kifin da aka saya hannun masunta, aka ɗora shayi. Sanyin farkon hunturu ya fara saukowa, fitilun Tudun Wada da Kinkinau suna rawa a kan ruwa. Hira ta koma kan da. Baba ya ce abin da muke yi ba sabo ba ne, ragowar wani babban abu ne. Fatake sun ratsa ƙasar nan da jakuna da dawaki, madugu a gaba, suna sauka zango-zango, kuma sunayen suna nan har yau: Zangon Aya, Zangon Kataf. Makiyaya suna da burtali, manomi ya san ba a shuka a kansa. Gyaran hanya kuwa aikin gayya ne, mai gari ya sa a yi shela kowa ya fito da abin hannunsa. Yanzu burtali ya zama fuloti, gayya kuma ta koma jiran ɗan kwangila.

Ni kuma na ba su labarin abin da na sani na wasu ƙasashe. A Amurka akwai ƙungiyar mahaya mai suna Back Country Horsemen, wadda ta samo asali a jihar Montana a 1973. Aikinsu ke nan: su ɗora kaya a kan dawaki da alfadarai, su shiga dazuzzukan gwamnati su kwana, suna sare itatuwan da suka faɗo kan turba, ba a biyan su ko sisi. A wuraren da wata doka ta 1964 ta hana shiga da inji, da dogon zarto na mutum biyu suke yankan gungume. A Ingila kuma akwai hanyoyin da doka ta ware wa mahaya, suna cikin taswira, ko ta cikin gonar mutum suka bi ba shi da ikon toshewa. Telan nan ya ce to ai bambancinmu da su takarda ce kawai. Gaskiya ya faɗa. Gumin iri ɗaya ne, amma su abin da suka share bana za su tarar da shi baɗi, mu kuwa ana iya wayar gari a ga an zuba bulo a kai.

Aka raba dare kashi uku, mutum biyu-biyu suna gadi. Nawa ya faɗo a tsakiya. Dawakin suna tsaye suna gyangyaɗi, kowanne ya sassauta ƙafar baya ɗaya. Can wajen ƙarfe biyu kilin ya lanƙwashe gwiwa ya kwanta, ya miƙe wuya a ƙasa ya saki numfashi mai tsawo. Yaron, wanda ashe idonsa biyu, ya matso ya raɗa mini cewa a barga bai cika kwanciya haka ba, wurin ya yi masa ƙunci.

Da safe, bayan salla da shayi, aka tattara komai. Tokar wuta aka kashe ta da ruwa aka binne, kashin dawaki aka kwashe a baro aka kai wa mai lambun jiya taki, buhunan shara aka loda a mota. Sannan aka ɗaura sirdi, aka bi turbar da aka share tun daga bakin kogi har inda gidaje suka fara. A wani miƙaƙƙen wuri mai yashi samari suka saki linzami. Ƙura ta tashi, ba mota, ba hon, ba yaron da zai gifta. Manoma suka ɗago daga lambu suna ɗaga musu hannu.

Kirana ga hukumar tsara birane ta KASUPDA, da ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, da iyayenmu hakimai da masu unguwanni shi ne a bar wani siririn fili a gefen kogin nan, a auna shi, a kafa masa duwatsun iyaka, a sa shi cikin taswira. Wuri ne da ruwa ke ci dama, ambaliyar 2003 da ta 2012 sun nuna cewa ba wurin gina gida ba ne. Mahayi zai bi, makiyayi zai bi, mai lambu zai fitar da kayansa, mai neman shan iska zai taka. Manyan masu dawaki na tsallaken kogi, waɗanda muryarsu ke isa inda ta Baba ba ta isa, su sa baki. Kai kuma mai karatu, in kana Kaduna kuma ka taɓa yin murna da ganin doki ranar sallah, idan damina ta ɗauke ka tambayi masu barga na unguwarku ranar gayyarsu, ka zo da addarka.